Tambaya da Amsa: Ɗan jatan landen da ba ya cin komai sai tauraron teku

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa a filinmu na masu kiwon kifin ado. Saƙonni huɗu na ɗauko wannan karon kuma duk a kan abu ɗaya suke, wato ɗan jatan landen nan fari mai ɗige-ɗige da ake ce wa halikwin, wanda da yawanmu a YouTube muka fara ganinsa muka ji ya shiga ranmu. Abincinsa tauraron teku ne, wata dabbar ruwan gishiri mai hannuwa a zagaye kamar zanen tauraro. Na farkon shi ya fi gaggawa, don haka da shi zan fara kuma a kansa zan fi daɗewa.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni ɗan kasuwa ne a nan Katsina, wajen Ƙofar Ƙaura nake zaune. Shekara biyu ke nan ina da tankin gilashi na ruwan gishiri a falo, lita 200, da murjani masu rai 'yan kaɗan da kifi uku. To kwanaki sai wasu 'yan mitsi-mitsin taurarin teku farare suka cika min tankin, ko ina ka duba gasu nan manne a gilashi, wani hannu uku wani bakwai, har na fara ganinsu kan murjanin. Wanda nake sayen kaya wajenshi a Legas yace in sayi halikwin guda biyu zasu share min su, na biya aka turo. Wlh Malam sun yi aiki, cikin wata guda da 'yan kwanaki ko ɗaya ban ƙara gani ba. Matsalar yanzu yau kwana tara basu ci komai ba. Na basu abincin kifi na roba, na basu ɗanyen naman kifi, har busasshen jatan lande na miya na daka na zuba, ko kallo basu yi ba. Mi zan basu? Don Allah a taimaka kar su mutu a hannuna.

AMSA: Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Ka daina zuba musu waɗancan abubuwan tun yau, ba za su ci ba ko za su shekara suna kallonsu, kuma duk abin da ka zuba bai ciwu ba ruɓewa yake yi a ƙasan tanki ya ɓata maka ruwa. Wannan halitta tauraron teku kaɗai take ci, haka Allah ya yi ta. Ba tsirfa ba ce kuma ba rashin sabo ba ne da za a ce yunwa za ta koya mata cin wani abu, a'a, yunwar kashe ta za ta yi. Abin da ya ɓata min rai a labarinka shi ne wanda ya sayar maka ya faɗa maka rabin magana ya riƙe rabi. Gaskiya ne suna cinye waɗannan 'yan taurarin da ake kira Asterina, masu yaɗuwa ta hanyar rabewa biyu, shi ya sa ma ka ga hannuwansu ba su zo daidai ba, amma ya kamata ya ce maka ranar da suka ƙare fa sai ka fara sayo tauraro da kuɗinka kana ba su har iya rayuwarsu.

Bari in ɗan faɗa maka ko wane ne baƙon naka. Sunansa a wajen masana Hymenocera picta, asalinsa tekun Indiya da tekun Fasifik ne, daga gabashin Afirka har can Hawai, a cikin duwatsun murjani yake zaune. Bai fi santimita 5 ba in ya gama girma, macen ta ɗan fi namijin girma, kuma biyu-biyu suke rayuwa, mace da namiji, su daɗe tare suna farauta tare. Waɗannan abubuwa biyu da kake gani a kansa kamar ganye, da su yake shinshino tauraro daga nesa. Manyan hannuwan nan masu faɗi kamar faifai kuwa ba da su yake yankan nama ba, akwai wasu ƙanana masu kaifi a kusa da baki, su ne wuƙarsa.

Ni ma na taɓa riƙe guda biyu, kuma daren farko da na sa musu tauraro ban manta shi ba. Na kashe fitilar tankin na zauna da 'yar tocila a hannu, tauraron ya fi su girma nesa ba kusa ba, yana manne a kan dutse abinsa. Sai ga su sun fito daga rami suna rangaji, suna ɗaga faffaɗan hannuwan nan sama suna saukewa, ɗaya ya hau bayansa, ɗayan ya tsaya a bakin hannu guda yana ta tsattsaga 'yan ƙafafun da tauraron ke manne dutse da su, tauraron yana saki ɗaya bayan ɗaya, shi kuma ya cusa kai ƙarƙashi yana turawa sama. Sun fi rabin awa a haka. Can sai na ga tauraron ya kife rigingine, cikinsa a sama, ɗaruruwan 'yan ƙafafun nan masu laushi kamar dafaffiyar taliya suna ta motsi ba abin kamawa. Suka ja shi a hankali zuwa bakin raminsu. Daga ƙarshen hannu suke fara ci suna matsowa tsakiya, shi ya sa tauraron ba ya mutuwa da wuri, sai ya yi kwanaki da rai suna ci a hankali, naman bai ruɓe musu ba. Abin akwai ban mamaki akwai kuma ban tausayi, duka biyun na ji a daren.

To yanzu me za ka yi. Kira dillalinka yau ɗin nan, ba gobe ba, ka ce ya turo maka tauraron da suke kira cakulet cip, wato Protoreaster nodosus, mai launin ƙasa-ƙasa da baƙaƙen ƙulli a bayansa kamar an ɗiɗɗiga cakulan. Shi ne masu wannan kiwo suka fi amfani da shi don ya fi sauƙin samu kuma ya fi juriya a hanya. Akwai shuɗin nan mai kyau da ake kira Linckia, suna matuƙar son shi, amma ya fi tsada kuma ba ya jure tafiya, asarar kuɗi ce ka sayo shi don abinci. Kar kuma ka yarda a haɗa ka da mai siraran hannuwa kamar wutsiyar ƙadangare da ke ɓuya ƙarƙashin duwatsu, shi ɗan'uwan tauraro ne kawai, galibi ba sa kula shi. Busassun taurarin da ake sayarwa don adon ɗaki ma kar ka kusance su, an shanya su kuma sau da yawa an sa musu magani don kar su yi wari, guba za ka zuba wa tankinka.

Ka ce ya turo ta jirgin sama. Na faɗi haka ne don na ɗanɗana. Akwai lokacin da na so in rage kuɗi na ce a ba mota, a watan Afrilu kuwa, tsakiyar bazara, daga Legas zuwa nan tafiyar sama da kilomita 1,000 ce, motar ta lalace a hanya ta kwana. Da aka kawo min kwalin na buɗe ledar, ruwan ya yi fari kamar an dama koko, taurari uku duk sun narke, warin har tsakar gida. Nawa jatan landen suka ƙara mako guda ba abinci kafin wani ya iso, macen ba ta kai ba. Har yau in na tuna sai in ji ba daɗi, don ba cuta ce ta kashe ta ba, lissafina ne bai yi daidai ba.

In sun iso kar ka juye su kai tsaye. Tauraro ba shi da jini irin namu, ruwan teku ne ke zagayawa a jikinsa yana motsa ƙafafun, saboda haka in gishirin ruwa ya canza masa farat ɗaya sai ya fara narkewa bayan kwana biyu uku. Zuba shi da ruwan ledarsa a bokiti mai tsabta, ka riƙa ɗiga ruwan tankinka a ciki da siririn tiyo, ɗis ɗis, kamar awa ɗaya ko fiye, sannan ka ɗauke shi ka sa. Guda ɗaya kawai za ka ba su. Matsakaicin tauraro yakan kai musu mako ɗaya zuwa biyu gwargwadon girmansa da nasu. Sauran ka ajiye su a wani ƙaramin tanki daban mai nasa famfon iska, kana ba su 'yar guntuwar naman kifi sau biyu a mako, don cakulet cip in ka bar shi yana yawo a babban tanki shi ma murjaninka zai hau ya ci. Kuma ka sa ido sosai a kan wanda ake ci, ranar da ka ga ya yi laushi yana fitar da farin abu kamar majina, cire ragowar nan take ka canza wani kaso na ruwan, tauraro ɗaya da ya ruɓe zai iya tada amoniya, wato gubar da ruɓaɓɓen abu ke saki a ruwa, ya kashe kifayenka cikin dare ɗaya.

Wasu suna sa hannun tauraro a firiza su riƙa narkarwa suna bayarwa. Wasu halikwin ɗin suna karɓa wasu kuma sam, to ka gwada a lokacin da kake da mai rai a ajiye, in sun karɓa ka samu sauƙi babba, sai dai ka cire abin da suka rage washegari don mataccen nama saurin lalacewa gare shi. Ka kuma tambayi duk wanda ka sani mai tankin ruwan gishiri a Kano ko Kaduna ko Abuja, da yawansu Asterina sun dame su, za su yi murna ka kwashe. Amma Alhaji ka zauna ka yi lissafi na tsakani da Allah, tauraro biyu zuwa uku duk wata, da kuɗin jirgi, shekara bayan shekara. In ka ga ba za ka iya ba babu kunya a ciki, ka mayar wa dillalin ko ka ba wanda tankinsa ke cike da 'yan taurarin nan, tun suna da sauran ƙarfi.

TAMBAYA: Salamu alaikum. Ni uwa ce daga Daura. Ɗana ne ya ɗauko wanga kiwo, ni ban hana shi ba don ya fi yawon banza. Amma rannan na shiga ɗakinshi na tarar ya ɗora wani tauraro a faranti ya sa reza ya yanke mishi hannu guda yana da rai, ya maida shi ruwa, hannun kuma ya jefa ma wasu 'yan ƙwari. Na yi mishi faɗa yace wai zai sake tsirowa kuma wai ba ya jin zafi. Raina bai kwanta ba. Shin gaskiya yake faɗi, kuma babu alhaki?

AMSA: Hajiya ranki ya daɗe, Allah ya raya mana shi. Ɗanki bai yi miki ƙarya ba a maganar tsirowa, tauraron teku yana mayar da hannun da ya rasa, kuma dabarar da kika gani sananniya ce a wajen masu kiwon halikwin, suna ajiye taurari da yawa suna yankar hannu ɗaya daga wannan, wani makon daga wancan, da nufin kafin a zagayo na farko ya warke. Sai dai abin da ba a cika faɗi ba shi ne tsirowar watanni take ɗauka ba kwanaki ba, kuma sai tauraron yana samun abinci mai kyau da ruwa mai tsabta. Wanda ke da biyu ko uku kacal zai zagayo kan na farko alhali ko ɗan tsiro bai fito ba, a ƙarshe ya rage daga shi sai tsakiya. Wani kuma ciwon ne ke ruɓewa ya mutu gaba ɗaya.

Maganar jin zafi kuwa, gaskiya ne ba shi da ƙwaƙwalwa irin ta akuya ko kaza, amma yana da jijiyoyi da suka zagaye bakinsa suka bi kowane hannu, har da ɗan ɗigon ido a ƙarshen kowane hannu da yake gane haske da shi, kuma in an taɓa shi yana janyewa. Saboda haka ni ba na yarda in ce wa yaro yanka kawai ba komai. Ni kaina ban taɓa iya yin yankan nan ba, na gwammace in ba su guda su ci yadda suke ci a teku. Wani zai ce ai wannan ma azaba ce ta kwanaki, kuma yana da hujja, shi ya sa nake ganin tambayarki ita ce ta fi kowacce nauyi a cikin huɗun nan, don duk hanyar da aka bi sai wani rai ya tafi kafin wani ya rayu, kuma mu ne muka ɗauko su daga inda suke muka sa a gilashi don sha'awar ido.

Hukunci na malamai ne, kuma Daura ba ta rasa su ba, ki sa shi ya je da kansa ya yi musu bayani dalla-dalla yadda abin yake. Abin da ni zan tuna masa shi ne hadisin nan da duk muka sani tun muna makarantar allo, na matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ba ta abinci ba kuma ba ta sake ta ta nema da kanta ba. Duk abin da ka kulle a gilashi cinsa ya dawo wuyanka, jatan landen da taurarin da ke jiran layi duka. Ki tambaye shi taurari nawa yake da su, yana ba su abinci kuwa, kuma in kuɗin hannunsa ya yanke wata biyu me zai yi. Amsar da zai ba ki za ta nuna miki ko ya shirya wa kiwon.

TAMBAYA: Yallaɓai ni ɗalibi ne a Katsina, ban fara ba tukuna amma ina tara kuɗi. Zan iya haɗa ruwan da gishirin girki ko na Balma da ruwan famfo? Kuma ya ake da zafin garin nan da rashin wuta?

AMSA: Ƙanena, gishirin girki ba zai yi ba, na Balma ma haka, kanwa kuwa kar ma ka fara. Ruwan teku ba gishiri ɗaya ba ne a cikinsa, akwai kalsiyam da maganiziyam da wasu sinadarai da yawa da murjani da jatan lande ke gina jiki da su, dole sai gishirin da aka haɗa musamman don tankin teku, a buhu ko bokiti yake zuwa. Wajen giram 35 ake so a kowace lita, in ka auna da ma'aunin gishiri ya nuna 1.025 ko kusa da haka. Ruwan famfo akwai kulorin, na burtsatse kuma ya danganta da ƙasar unguwarku, shi ya sa ake tace shi da matatar nan da masu fiya wata ke amfani da irinta. Sannan sabon tanki sai ya yi mako huɗu zuwa shida yana aiki ba dabba a ciki kafin ƙananan ƙwayoyin halittar da ke cinye dattin ruwa su zauna.

Zafi shi ne babban abokin gabarmu a nan. Ruwan ana son ya tsaya tsakanin digiri 24 zuwa 27, mu kuwa daga Maris zuwa Mayu gari yana haura 40, in hunturu ya zo kuma da asuba ruwa ya yi sanyi ƙarara, ke nan kana buƙatar abin sanyaya ruwa ko esi a bazara da hita a lokacin sanyi, ga famfon da bai kamata ya tsaya ba ko na 'yan awoyi. Ba sola da batir da inbata, kar ka fara, wutar nefa kaɗai ba za ta riƙe maka tankin teku ba. Iskar hunturu kuma tana shanye ruwa da sauri, in ya ragu ruwan daɗi tatacce za ka ƙara ba na gishiri ba, don ruwan ne ya tafi gishirin yana nan. Wani abu da ya kashe wa mutane da yawa jatan lande shi ne maganin ƙurajen kifi mai jan ƙarfe a ciki, ko kaɗan ya shiga tankin sun gama, ka karanta jikin kwalba kafin ka ɗiga komai.

Shawarata ka fara da kifin ruwan daɗi shekara guda ka koyi hannu, ba a fafe gora ranar tafiya. Halikwin shi ne na ƙarshe da za ka yi tunani, bayan ka tabbatar da inda tauraro zai riƙa zuwa maka duk wata.

TAMBAYA: Malam da safe na ga gawar ɗaya daga cikin nawa a ƙasan tanki, fara fes ba komai a ciki, na ɗauke na yar, da yamma kuma sai na ga su biyu cif a rami. Mi ke faruwa? Daga Ƙofar Marusa.

AMSA: Kwantar da hankalinka ɗan'uwa, ba gawa ba ce, saɓa ya yi kamar yadda maciji ke yi. Ɓawon jikinsa ba ya girma tare da shi, sai ya tuɓe tsohon duk bayan 'yan makonni, kuma alama ce ta yana samun abinci. A kwana ɗaya ko biyun da ke biye jikinsa laushi gare shi, zai ɓuya, kar ka tono shi kar kuma ka canza ruwa da yawa a lokacin, in kana da kifi mai tsokana ka sa masa ido. In macen ce ta yi saɓar, leƙa ƙarƙashin cikinta da tocila bayan 'yan kwanaki, sau da yawa a daidai lokacin ne suke barbara, za ka iya ganin ƙwai jere tana ta kaɗa musu ruwa da 'yan ƙafafunta na baya.